Kuɗin yayata na cikin wayata: wace na'urar ajiyar kirifto zan saya?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da shadda da yadi. Tun da naira ta fara zubewa nake mayar da jarina USDT, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, da shi nake biyan masu turo mini kaya daga Sin. Yanzu akwai abin da ya kai dala 6,000 a manhajar canji da ke wayata, da ɗan Bitcoin kaɗan. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin na yayata ne, rabonta na gadon mijinta da ta ba ni in juya mata. Watan jiya aka ƙwace wa maƙwabcina na shago waya a cikin adaidaita sahu, kafin gari ya waye an kwashe masa komai. Tun ranar ba na samun barcin kirki. An ce in sayi na'urar walet, wato ta ajiyar kirifto, wasu sun ce Ledger, wasu sun ce Trezor. Akwai kuma wani abokin abokina da ya ce zai bar mini tasa a rabin kuɗi, har ya riga ya saita ta, kalmominta na rubuce a kati, kuɗi kawai zan fara zubawa. Wacce zan saya? Wayata Android ce.

Ɗan Kwari, daga Fagge

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah Ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, Ya jiƙan mijin yayarka, Ya albarkaci abin da ya bari.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Wannan na'ura ta rabin kuɗi, kada ka karɓe ta, ko da kyauta ce. Ban san mutumin ba, kuma ba na zarginsa, mai yiwuwa tsakaninsa da Allah yake son taimakonka. Amma kalmomin nan da ke rubuce a kati su ne dukiyar gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganinsu, ko ya ɗauki hotonsu, yana iya zama a ɗakinsa ya kwashe duk abin da ka zuba, na'urar tana kulle a cikin durowarka. Ba ya buƙatar taɓa ta, ba ya buƙatar lambar sirrinka. Wannan tsohuwar hanyar damfara ce: a sayar da na'ura da kalmomi a shirye, a zuba ido sai kuɗi sun taru, sannan a share. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka yi masa godiya, ka ce ka fi son sabuwa.

Mutane da yawa suna zaton kuɗin a cikin na'urar suke kwana. Kuɗinka suna kan kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Kai ɗan kasuwa ne, ka ɗauka cewa kayanka na shago, na'urar kuma makullin shagon ce. In makulli ya faɗi a kwata, kaya ba su ɓata ba, sai a yanko wani. Kalmomin nan 12 ko 24 su ne abin da ake yanko sabon makulli da shi, kuma babu maigadin da zai tsayar da mai yankawa ya tambaye shi ko shi waye. Aikin na'urar shi ne ta riƙe makullin a cikinta, ta sa hannu a kan ciniki a cikinta, kada ya taɓa fita zuwa waya ko kwamfutar da ke kan intanet. Shi ya sa ko an ƙwace wayarka, ko wata muguwar manhaja ta shiga cikinta, ba a isa ga kuɗin ba.

Shin kana buƙatarta? E, kana buƙata. Da dala 200 ce kake juyawa, da na ce ka bar kuɗin na'urar a jarinka. Amma dala 6,000, har da haƙƙin wata a ciki, ba abin da za a bari a hannun kamfanin canji ba ne. Kuɗin da ke manhajar canji alkawari ne kawai kamfani ya yi maka cewa zai ba ka idan ka nema. Masu ajiya a kamfanin canji na Mt. Gox a Japan sun ga haka a 2014, lokacin da Bitcoin kusan 850,000 suka yi ɓatan dabo. Masu ajiya a FTX, shi ma kamfanin canji, sun wayi gari a Nuwamban 2022 an rufe ƙofar cire kuɗi. Mu ma nan gida mun ga yadda Binance ta dakatar da duk harkar naira a Maris ɗin 2024, mutane suka shiga fafutukar neman inda za su mayar da kuɗinsu. Ka bar na cinikin mako ɗaya ko biyu a manhaja, wanda za ka biya masu kaya da shi. Sauran, musamman na yayarka, su koma na'ura.

To wacce? Abu uku ne za su yanke maka hukunci, kuma biyu daga ciki ka riga ka faɗa a wasiƙarka: irin kuɗin da kake riƙewa, irin wayarka, da kuma hannun da na'urar za ta biyo kafin ta iso gare ka.

Yawancin 'yan kasuwarmu da ke biyan Sin da USDT ta hanyar Tron suke turawa, ɗaya daga cikin bulokcen da USDT ke bi, wadda ake rubutawa TRC20. In kai ma haka ne, wannan kaɗai ya fitar da na'urori da dama daga lissafi. Coldcard ta ƙasar Kanada na'ura ce mai kyau ƙwarai, amma Bitcoin zalla take karɓa, ba ta da amfani gare ka. Duk wadda za ka saya, kafin ka biya ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka duba jerin kuɗaɗen da wannan samfurin ke karɓa, ka ga USDT na Tron da idonka. Kada ka dogara da maganar mai sayarwa, domin USDT na hanyar Ethereum daban, na Tron daban, kuma karɓar ɗaya ba ya nufin karɓar ɗayan.

Ledger kamfanin Faransa ne, an kafa shi a 2014, kuma ya daɗe yana karɓar Tron. Samfurinsa Nano S Plus, wanda ya fito a 2022 a kan dala 79, yana haɗuwa da wayar Android ta kebul, ba shi da batirin da zai kumbura ko ya mutu a zafin Kano. Nano X, wanda ya fi shi tsada, yana da batir da bulutut, kuma amfaninsa na gaske ga masu iPhone ne, tunda Nano S Plus ba ya aiki da iPhone. Kai da ke da Android, ba ka da dalilin ƙara wannan kuɗin. A halin da kake ciki, Nano S Plus nake ba ka shawara.

Amma ba zan ɓoye maka laifin kamfanin ba. A 2020 an kutsa rumbun bayanan masu sayensa, aka kwashe adireshin imel kusan miliyan 1, kuma a Disamban shekarar aka watsa sunaye da lambobin waya da adireshin gida na mutum kusan 272,000. Ba a taɓa makullin kowa ta wannan kutse ba, amma 'yan damfara sun bi mutanen da saƙonnin ƙarya da barazana, har a 2021 aka riƙa aika wa wasu na'urorin bogi ta gidan waya da wasiƙar cewa wai kamfani ne ya musanya musu. Sannan a Mayun 2023 kamfanin ya sanar da tsarin Ledger Recover, inda mai so zai biya kuɗin wata a raba kalmominsa gida uku a ɓoye, a ajiye a kamfanoni uku. Mutane da yawa sun fusata, domin sun ɗauka babu yadda za a yi makulli ya fita daga na'urar. Tsarin na ganin dama ne, kuma shawarata kada ka shiga. Ƙari a kan haka, ba duk manhajar da ke cikin na'urar ce a buɗe kowa ya bincika ba, akwai ɓangaren da sai dai ka yarda da kamfani.

A nan ne Trezor ta fi. Kamfanin SatoshiLabs na birnin Prague a Jamhuriyar Cek ne ya fitar da ita a 2014, ita ce na'urar walet ta farko da aka sayar wa jama'a, kuma manhajarta a buɗe take, masana na duniya suna dubawa. Raunin tsofaffin samfuranta shi ne rashin guntun tsaro na musamman, wato chip ɗin da ke kare makullin: a Janairun 2020 masu binciken tsaro na kamfanin Kraken sun nuna cewa wanda ya riƙe Trezor One ko Model T a hannunsa, da kayan aiki, zai iya zaro kalmomin cikin kusan minti 15. Safe 3 da ta fito a 2023, ita ma a kan dala 79, ta zo da wannan guntun. Saboda haka in ka karkata ga Trezor, daga Safe 3 zuwa sama za ka duba, bayan ka tabbatar da batun Tron. Da Bitcoin kaɗai kake tarawa, da ita zan fara ambata maka.

Akwai kuma masu kama da katin ATM, irin Tangem, da ake karawa a bayan waya. Suna da sauƙin riƙewa, amma ba su da fuskar da za ta nuna maka abin da kake sa wa hannu, sai abin da waya ta nuna. Ni kuwa wannan 'yar fuskar ita ce rabin dalilin sayen na'ura. A Fabrairun 2025 an sace kusan dala biliyan 1.5 daga kamfanin canji na Bybit, hukumar FBI ta Amurka ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Yadda abin ya faru shi ne, masu sa hannu sun ga ciniki na yau da kullum a fuskar kwamfuta, alhali abin da suka amince da shi daban ne. Kai ma duk lokacin da za ka tura kuɗi, ka karanta adireshi, wato lambar walet ɗin da kuɗin za su je, da adadi a fuskar na'urar, ka gwada da wanda mai kaya ya ba ka, daga farko har ƙarshe. Kada ka kwafo adireshi daga jerin cinikin baya, domin 'yan damfara kan turo maka sifili ko 'yan sulalla daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin cinikinka, suna jiran ranar da za ka kwafa cikin gaggawa.

Batun inda za ka saya ya fi batun suna muhimmanci. Ka saya daga shafin kamfanin, ko daga dillalin da kamfanin ya lissafa a shafinsa. Na san Farm Centre da Beirut Road sun fi kusa, kuma akwai mutanen kirki masu amana a can, amma shi kansa mai shagon bai san hannu nawa kwalin ya ratsa kafin ya zo masa ba. Ledar da aka naɗe kwali da ita ba shaida ba ce, kowa na iya naɗawa. In wani amintacce zai taho daga Dubai ko Ingila, ya sayo maka daga dillalin da aka amince da shi, ya kawo rasit. In kuma odar intanet za ka yi, kada ka ba da adireshin gidanka, ka yi amfani da ofishin masu kawo saƙo ka je ka karɓa, kuma ka buɗe sabon imel don wannan kawai. Abin da ya faru a 2020 ya isa dalili.

Ranar da ta iso, ka keɓe a ɗaki kai kaɗai, ba a shago ba, ba a gaban yaran shago ba, ba inda kyamarar tsaro ke kallo ba. Ka sauke manhajar da ke haɗa na'urar da wayarka ta hanyar da shafin kamfanin ya nuna, domin an sha samun na bogi, har a shagon manhajoji na Microsoft a Nuwamban 2023. Manhajar gaskiya za ta bincika ta gaya maka ko na'urar ta asali ce. In ka kunna ka tarar tana neman lambar sirrin da ba kai ka sa ba, ko ka ga kati da kalmomi a rubuce a cikin kwali, ka tsaya nan, ka mayar. Na'ura sabuwa ita ce za ta ƙirƙiro kalmomin a gabanka, ta nuna su ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka rubuta da biro, kowace da lambarta, domin jerin ma yana cikin sirrin. Kalmomin Turanci ne daga wani jeri na kalmomi 2,048 da aka tsara tun 2013, kuma kusan duk kamfanonin sun yarda da shi. Amfanin wannan gare ka shi ne, ko kamfanin ya rushe gobe, za ka iya zuba kalmominka a na'urar wani kamfani kuɗinka su bayyana.

Sai gwaji, wanda shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Ka tura dala 10 kacal. Ka ga ta shiga. Sannan ka goge na'urar gaba ɗaya, ka maido da ita da kalmomin da ka rubuta. In dala 10 ta dawo, rubutunka daidai ne. In ba ta dawo ba, ka yi asarar dala 10 maimakon 6,000. Ka kuma gwada turawa waje, kuma ka ajiye ɗan TRX, wato kuɗin kirifto na Tron, a walet ɗin, domin da shi ake biyan kuɗin hanya a Tron, in babu shi USDT ba ya motsi. Bayan haka ne za ka kwaso manyan kuɗin, kashi-kashi. Lambar sirri kuma ka sa mai tsawo wadda ba shekarar haihuwarka ba ce. Ledger tana goge kanta in an yi kuskure sau 3, Trezor Safe 3 sai sau 16, saboda haka ka nisanta ta daga yara masu son danne-danne.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka, wato ajiyar kalmomin. Kada ka ɗauki hotonsu. Kada ka tura wa kanka a WhatsApp, kada ka rubuta a imel ko a littafin waya. Kada ka kai shagon kwafi a yi maka laminatin. Kada ka buga su a kowace waya ko kwamfuta, ko da saƙo ya zo da tambarin kamfani yana cewa walet ɗinka na cikin haɗari. Babu ma'aikacin Ledger ko Trezor na gaskiya da zai nemi kalmominka, duk wanda ya nema ɓarawo ne. Ita kuma takarda, ka san abokan gabanta a garin nan: gara, ɓera, ruwan damina da gobara. Ba mu manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba, kuma kai shaida ne a kan ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022. Shago ba wurin ajiyarsu ba ne. Ka yi kwafi biyu, ka ajiye a gidaje biyu daban, kuma kada ko ɗaya ya kwana wuri guda da na'urar. In kana da hali ka sami farantin ƙarfe marar tsatsa ka buga su a kai, haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun wadatar. Amma da hannunka za ka buga, da guduma da ƙarfen buga haruffa. Kada ka kai wa mai walda ko mai sassaƙa hatimi.

Za ka ji ana maganar kalma ta 25, wato ƙarin kalmar da mutum ke zaɓa da kansa ta buɗe wani walet na ɓoye. Tana da amfani, amma wanda ya manta ta, ko ya sauya harafi ɗaya, ya rasa kuɗin har abada. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Ka kuma san iyakar abin da na'ura ke karewa. Ba ta hana mutum miƙa kuɗinsa da hannunsa ga masu alkawarin ninka riba, irin su CBEX da ta rufta da kuɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2025. Ba ta hana kamfanin Tether, mai fitar da USDT, daskarar da kuɗin da ke wani adireshi in hukumomi suka alaƙanta su da laifi, don haka ka kula da wanda kake saye a hannunsa. Kuma ba ta kare mai yawan magana. A Janairun 2025 an sace David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ledger, a gidansa a Faransa, aka yanke masa yatsa ana neman kuɗin fansa. Majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi ba su da buƙatar sanin kana da na'ura, kuma ba abin ratayawa a makullin babur ba ce.

Kafin na'urar ta iso, yau ɗin nan ka sa wa layinka lambar sirri ta sim, ka cire tabbatarwa ta saƙon tes ka koma manhajar lambobi irin Google Authenticator, kuma in kana da tsohuwar waya ka mayar da manhajar canjin can, ta zauna a gida.

Saura batun yayarka, wanda shi ne ya fi taɓa mini zuciya a wasiƙarka. Ta san kuɗinta na cikin kirifto? In ba ta sani ba, ka zaunar da ita ka yi mata bayani da harshen da za ta gane, har da cewa malamai sun yi saɓani a kan harkar, domin ta tambayi malamin da ta natsu da shi, ta zaɓa da kanta. In kuma akwai rabon marayu a ciki, ka fitar da shi, ba kai kaɗai ke da ta cewa a kansa ba. In ta amince, ka buɗe mata asusu daban a cikin na'urar, kada kuɗinta su gauraya da jarinka.

Sannan ka yi tunanin ranar da ba ka nan. Kuɗin banki, magada na iya bin kotu da takardu su karɓo. Wannan kuwa babu alƙali ko manajan da zai iya buɗe shi in kalmomin sun ɓata tare da kai. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba, kuma kai da ke riƙe da amanar wata ka fi kowa shiga cikinsa. Ka rubuta takarda, da shaidu biyu, mai cewa kana da dukiya iri kaza, kaso kaza na yayarka ne, da sunan wanda za a nema ya buɗe. Kalmomin kansu kada su shiga wannan takardar, domin shaidu za su karanta ta. Inda kalmomin suke, mutum ɗaya za ka gaya wa, wanda ka yarda da addininsa, ko maiɗakinka ko wani dattijon gidanku. Wanda zai taimaka da buɗewa kuma ya zama wani daban, mai sanin harkar, wanda ba zai ga kalmomin ba sai ranar buƙata, a gaban magada. Ka nuna masa yadda ake maido da walet tun yanzu, da wasu kalmomin gwaji da babu kuɗi a kansu, kuma duk lokacin da rabon yayarka ya ƙaru ko ya ragu, ka gyara takardar ku sa hannu tare.